Ƙona kwal ba tare da iska ta taɓa shi ba: inda fasahar CLC ta kai da inda take cijewa

Duk wanda ya ga dogon bututun hayaƙi na tashar lantarki mai aiki da kwal zai ɗauka abinda ke fitowa ta sama CO2 ce zalla, wato iskar kabon ɗin nan mai ɗumama yanayi, to ba haka bane. CO2 ɗin bata wuce kashi 12 zuwa 15 cikin 100 ba, mafi yawan sauran naitirojin ne sai ɗan tururi da ragowar oksijin, kuma shi naitirojin ɗin ba daga kwal ya fito ba, iskar da aka hura wutar da ita ce ta shigo dashi, tunda iskar da muke shaƙa kashi 78 ɗinta naitirojin ne oksijin kuma kashi 21 kacal. Ya shiga tukunya bai tsinana komai ba, ya fito ya cakuɗe da CO2. To daga nan duk tsadar kama kabon ta samo asali, domin ba zaka iya tura hayaƙin nan gaba ɗayansa ƙarƙashin ƙasa ba, yayi yawa, dole sai ka tsamo CO2 ita kaɗai ka matse ta sannan ka binne.

Hanyar da aka fi sani ita ce a wanke hayaƙin da wani ruwan sinadari da ake ce wa amin, ya tsotse CO2, sannan a kai shi gefe a dafa shi da tururi ya sake ta. Tana aiki babu musu. Tashar Boundary Dam a lardin Saskatchewan na Kanada tun 2014 take yi, Petra Nova ta jihar Texas a Amurka ta fara a 2017 aka dakatar da ita a 2020 aka sake tada ita a 2023. Amma tururin da ake dafa amin ɗin dashi shine dai wanda ya kamata ya juya injin ya bada wuta, sai kaga tashar ta rasa ɗaya bisa biyar ko ma ɗaya bisa huɗu na lantarkin da take iya bayarwa, ma'ana sai ka ƙara ƙona kwal kafin ka samu wutar da kake samu a da. Ɗaya hanyar kuma a tace oksijin daga iska tun farko a ƙona kwal da shi kaɗai, shi kuma tacewar sai an sanyaya iska ta wuce digiri 180 ƙasa da sifiri, kuma injin da ke wannan aikin mugun shan wuta gare shi. Ko ta ina ka bi sai ka biya kuɗin raba gas da gas.

Fasahar da injiniyoyi ke kira CLC, wato ƙonawa ta zagayen sinadari, cewa tayi to me zai hana tun asali kar a bari iska da kwal su haɗu? Tukunya biyu ake yi. Ɗaya ta iska, ɗaya ta makamashi. Tsakaninsu akwai garin ma'adini mai kama da yashi, ƙwayoyinsa basu kai rabin milimita ba, shine ke zagayawa ba tsayawa, kuma shi ake kira ɗan dakon oksijin. A tukunyar iska garin nan yana yin tsatsa, tsatsa irin wadda ka sani a jikin ƙarfe wato ƙarfe ya kama oksijin, sai dai a zafin digiri 900 zuwa 1000 abin cikin daƙiƙoƙi yake faruwa kuma yana fidda zafi sosai, da wannan zafin ake dafa ruwa a samu tururin juya injin. Abinda ke fita ta saman wannan tukunyar iska ce kawai da aka rage wa oksijin. Daga nan garin ya gangara tukunyar makamashi ya sauke oksijin ɗin da ya ɗauko, kwal ya ƙone da shi, abinda zai fito ta can CO2 ce da tururi, ka sanyaya su tururin ya koma ruwa ya zube, ka rage da CO2 kusan tsantsa. Babu amin, babu injin sanyaya iska mai girman gaske. Kuma in ka haɗa zafin tukwanen biyu daidai yake da wanda zaka samu da a ce kwal ɗin a iska ka ƙona, ba a yi asarar komai ba ta wannan ɓangaren. Ƙari a kan haka babu harshen wuta, don haka gurɓatacciyar iskar nan ta NOx da tsananin zafin harshen wuta ke haifarwa bata samun damar fitowa.

Yadda garin ke tafiya shi ma ba sabon abu bane. In ka hura iska da ƙarfi ta ƙarƙashin tulin yashi, akwai matakin da zai kai yashin ya fara tafasa yana kwarara kamar ruwa, in ka ƙara ƙarfin iskar sai ta ɗauke shi sama gaba ɗaya. A saman akwai wani mazurari da ke juya iskar kamar guguwa, ƙwayoyin su bugi bango su zubo ƙasa iskar ta wuce, a ƙasan kuma akwai wata lanƙwasa da garin ke cikewa ya zama toshiya, gari ya wuce amma gas ɗin wannan tukunyar ba zai tsallaka waccan ba. Tukwanen da ke aiki da yashi mai zagayawa sun daɗe a tashoshin lantarki a Sin da Turai, shi yasa masu CLC ke cewa rabin injinsu an riga an san yadda ake ƙera shi.

Tunanin ma tsoho ne. Lewis da Gilliland na jami'ar MIT a Amurka sun samu rajistar mallakar irin wannan dabarar a 1954, su lokacin CO2 mai tsabta suke son samarwa, ba maganar ɗumamar yanayi. Wasu masana biyu, Richter da Knoche, sun dawo da ita a 1983, Masaru Ishida da abokan aikinsa a Jafan suka raɗa mata suna a 1987. Amma wurin da aka fara ganin abin yana zagayawa da gaske shine jami'ar Chalmers a ƙasar Suwidin, ƙarƙashin Farfesa Anders Lyngfelt, inda a 2003 suka tada injin kilowat 10 da iskar gas yayi sama da awa 100, a 2006 kuma suka tada wani mai cin makamashi mai tauri. Zuwa 2019 in aka tara duk gwaje-gwajen duniya an haura awa 11,000 a injuna sama da 40.

Da iskar gas abin da sauƙi, gas ya ratsa garin ya kwashi oksijin shikenan. Da kwal kuwa a nan gizo ke saƙar, domin kwal dutse ne ɗan dakon ma dutse ne, kuma abu mai tauri biyu basa wani mu'amala ta sinadari ta kirki don kawai sun gogi juna. Bari mu bi ƙwayar kwal ɗaya daga lokacin da ta faɗa tukunyar makamashi. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan danshinta ya tashi, sai ta fesar da gas ɗin da ke cikinta, su methane (babban sinadarin iskar gas) da CO (kabon da bai gama ƙonewa ba) da haidirojin da kwalta, wannan kashin da sauri yake fita. Abinda ya rage gawayi ne da toka. Shi gawayin ba zai karɓi oksijin daga ɗan dako kai tsaye ba, sai an hura masa tururi ko CO2 ta ƙasa sun ci shi a hankali sun mayar da shi CO da haidirojin, sannan waɗannan su je su karɓi oksijin. Wannan cin da tururi ke wa gawayi mintoci yake ɗauka, wani kwal ɗin ma mintoci da yawa, alhali shi garin ɗan dako ba zai iya zaman jira ba, dole ya koma ya ɗauko wani oksijin da wani zafin. Kusan duk binciken da ake kan inganta CLC na kwal a kan wannan saɓanin saurin yake, kuma ta kafa uku kabon ke zurarewa.

Ta farko, gawayin da bai gama ƙonewa ba ya bi garin ya tsallaka tukunyar iska. Yana isa can zai kama da wuta nan take tunda ga iska, CO2 ɗinsa kuma ta fita ta bututun da ba a kama komai, an gudu ba a tsira ba kenan. Maganin da aka samo shine a sa wani akwati a kan hanya tsakanin tukwanen biyu, aikinsa irin na mai sheƙar hatsi ne da faifai, ana hura tururi ta ƙasa daidai ƙarfin da zai ɗaga gawayi mara nauyi amma ba zai iya ɗaga ƙwayar ma'adini mai nauyi ba, gawayin a mayar dashi tukunyar makamashi ya ci gaba da dahuwa, ma'adinin ya wuce. Don sheƙar tayi kyau sai an niƙa kwal ɗin ya fi ɗan dakon laushi. Da wannan akwatin da kuma ɗaga zafi zuwa wajen digiri 950 ko sama, injin kilowat 100 na Chalmers ya kai ga kama kashi 98 ko fiye na kabon a wasu gwaje-gwajen. A ganina wannan kafar an kusa toshe ta.

Sai dai niƙa kwal ɗin da laushi shi ya buɗe kafa ta biyu, domin ƙurar gawayi tana bin gas ta fice ta saman tukunyar makamashi kafin ta ƙone, mazurarin bai iya kama ta. Wannan ba CO2 ce ta tsere ba, makamashi ne da ka saya ya tafi a banza ya haɗe da toka. A ƙananan injunan gwaji asarar na da yawa saboda gajeru ne kuma mazuraransu ba wasu na kirki bane, ana kyautata zaton tukunya mai tsawon mita 40 ko 50 zata rage matsalar sosai tunda ƙurar zata daɗe tana hawa.

Kafa ta uku ita ce mai taurin kai. Gas ɗin nan da kwal ke fesarwa da farko, a wuri ɗaya yake fita, daidai bakin da ake zuba kwal, yayi manyan kumfa ya haura sama da gudu bai gauraya da garin yadda ya kamata ba, sai ka tarar a cikin CO2 ɗin da ta fito akwai CO da haidirojin da methane da basu ƙone ba. Masu binciken na auna wannan da yawan oksijin da ya rage a biya kafin ƙonewa ta cika, kuma da ma'adinin ilmenait da kwal irin na tashoshi ana yawan samun wajen kashi ɗaya cikin biyar. Ba ƙaramin abu bane. Abinda ake yi shine a ƙara wani ɗan ɗaki a gaba a fesa oksijin tsantsa ya ƙone ragowar, to amma kaga an dawo ga injin sanyaya iskar nan da ake gudu, ƙarami dai ne ba kamar na waccan hanyar ba, amma kowane kashi ɗaya da ka kasa ƙonawa a tukunya kuɗi ne zaka biya a nan. Tun da wuri an gane cewa in aka zuba kwal ta sama gas ɗin wucewa yake kawai, dole a cusa shi can cikin ƙasan garin don gas ɗin ya ratsa tudu mai kauri kafin ya fita, wannan gyaran kaɗai ya taimaka ƙwarai.

Yanzu maganar shi ɗan dakon, wadda ita ce ta fi cinye takardun bincike. An gwada ɗaruruwan haɗe-haɗe a ɗakunan gwaji. Nikel ne zakara wajen ƙona methane, amma ga tsada ga guba, ƙurarsa na iya jawo kansa, kuma sinadarin salfa wato farar wuta da ke cikin kwal na kashe shi, don haka a harkar kwal an ajiye shi gefe. Dalilin da yasa tsada ke da muhimmanci a nan shine toka. Kwal na shigo da toka kullum, dole a riƙa zubar da ita, kuma duk lokacin da ka zubar da toka sai wani kaso na ɗan dakon ya bi ta, ban da wanda yake niƙewa da kansa saboda gogayya da bugun bango da kumbura da motsewar da yake yi duk zagaye. Kuma yawan da ake buƙata ba kaɗan bane. Kilo ɗaya na kabon na cin kilo 2.67 na oksijin, shi kuma ilmenait oksijin da yake iya ɗauka ya sauke bai wuce kashi 5 na nauyinsa ba, a aikace ma ba a ƙure shi, to in ka lissafa sai kaga kilo ɗari ko fiye na gari ne zai zagaya saboda kilo ɗaya na kabon. Abinda zaka zuba da tan-tan kana asararsa kowace rana ba zai yiwu ya zama mai tsadar magani ba.

Shi yasa hankali ya koma kan ma'adinan da ake haƙowa a niƙa kawai. Ilmenait baƙin yashi ne mai ƙarfe da taitaniyom, wanda aka fi gwadawa daga Norwe ake kawo shi, irinsa kuma na fitowa a tsaunukan Jos tare da kuza. Yana da wata ɗabi'a mai kyau, sabonsa sanyin aiki gare shi amma bayan ya zagaya wasu lokuta sai jikinsa ya yi ƙofofi ƙarfen ya fito waje ya ƙara kuzari, baya saurin farfashewa, bashi da guba, kuma maganaɗisu na jansa don haka ana iya tsamo shi daga toka a mayar. A Suwidin har an fara zuba shi a maimakon yashi a manyan tukwanen da ke ƙona itace da shara, ba don kama kabon ba, don kawai yana rarraba oksijin ƙonewa ta fi kyau, kuma wannan ya bada dubban awoyi na sanin halinsa a babban inji. Ma'adinin manganis ya fi shi zafin nama wajen ƙona CO da haidirojin, wasu ma na ɗauke da fotashiyom da ke hanzarta cin gawayi, amma da yawansu saurin zama ƙura gare su. Da aka gauraya ilmenait da manganis a Chalmers gas ɗin da bai ƙone ba ya ragu sosai. A Sin masu bincike a Nanjing da Wuhan sun fi ba tama ƙarfi, ana kuma gwada sharar masana'antu kamar jan taɓon da ke ragewa bayan an tace alminiyom da kashin ƙarfen da kamfanonin mulmula ƙarfe ke zubarwa. Kamfanin Alstom a Amurka ya bi ta dutsen farar ƙasa har ya gina injin megawat 3 a jihar Connecticut, sinadarin na ɗaukar oksijin da yawa kuma arha ne, amma yana sakin salfa kuma sanyin aiki gare shi.

Akwai kuma wata dabara da ni dai take burge ni, wadda Tobias Mattisson da Lyngfelt da Henrik Leion suka fitar a 2009 suka kira ta CLOU. Wasu sinadarai, musamman tsatsar jan ƙarfe, in suka kai zafin digiri 900 da wani abu a wurin da babu iska, da kansu suke sakin oksijin a matsayin gas. Kaga an tsallake matakin jiran tururi kenan, gawayi zai ƙone kai tsaye kamar yana cikin iska. A gwajinsu da gawayin matatar mai, wanda yana cikin mafi taurin kai, sun ga sauri ya ninka kusan sau 50 a kan na ƙarfe, kuma cibiyar binciken kwal ta Zaragoza a Sifen ƙarƙashin Juan Adánez ta nuna ana iya ƙona gas ɗin tas ba tare da ƙarin oksijin ba. Kafa uku ɗin nan duk suna raguwa lokaci guda. To me ya hana? Jan ƙarfe na da tsada, yana narkewa a digiri 1085 wanda yayi kusa da zafin aikin, in aka yi sake ƙwayoyin su manne su cure garin ya daina tafasa inji ya tsaya, sannan dole sai an ƙera ƙwayoyin a masana'anta an ɗora jan ƙarfen a kan wani abu mai riƙe shi, kuma da yawansu basa jure dogon zagaye. Akwai haɗin kalsiyom da manganis da shi ma ke sakin oksijin kuma ya fi arha, amma salfa na lalata shi, kwal kuwa da wuya ka samu marar salfa. Don haka CLOU a kwal mai toka da yawa, sai ranar da aka samu hanyar ƙwato jan ƙarfen daga toka cikin rahusa kwalliya zata biya kuɗin sabulu.

A jami'ar jihar Ohio ta Amurka kuwa Farfesa Liang-Shih Fan ya ɗauki wata hanyar daban. Maimakon gari mai tafasa, manyan ƙwayoyin ƙarfe ne masu girman milimita suke gangarowa a hankali daga sama gas kuma na haurawa, don haka gas ɗin da zai fita sai ya ratsa sabon ɗan dako mai cike da oksijin, shi yasa CO2 ɗinsu ke fitowa da tsabta sosai, toka kuma tunda ta fi ƙwayoyin laushi nesa ba kusa ba sai iska ta ɗauke ta cikin sauƙi. A 2013 sun bada labarin injinsu na kilowat 25 yayi awa 203 a jere da kwal, daga baya kamfanin Babcock & Wilcox ya gina na kilowat 250 a garin Barberton. Matsalar wannan tsarin ita ce gas ba zai iya gudu da sauri ba, don haka tukunyar sai tayi faɗi ƙwarai in za a girmama ta.

Irin kwal ɗin ma na da tasiri. Kwal mai ƙaramin daraja irin lignait gawayinsa na saurin ciyuwa, ya fi dacewa da CLC a kan tsohon kwal mai tauri, kuma irin wannan ajin ne ake haƙowa a Maiganga ta jihar Gombe. Amma fa shi ma yafi fesar da gas, ka toshe kafar farko ka ƙara buɗe ta uku.

Wani abin da ba a cika faɗa ba in ana yaɗa sakamakon gwaji shine maganar zafi. Da ƙarfe ko ilmenait tukunyar makamashi shan zafi take bata bayarwa, kuma babu wuta a cikinta, zafin da garin ya ɗauko daga tukunyar iska shi kaɗai ke riƙe da ita. In zagayen ya ragu zafi ya sauka, cin gawayi ya ƙara sanyi, gawayi ya taru ya tsallake, komai ya bi ya lalace. Ƙananan injunan ɗakin gwaji a cikin hita ta lantarki ake sa su, don haka basa fuskantar wannan jarrabawar sam. Injin megawat 1 na jami'ar Darmstadt a Jamus shi ya nuna yadda abin ke da wuya, sai da aka sha gyare-gyare kafin ya iya riƙe kansa da zafinsa. Shi yasa nake ba aikin CHEERS muhimmanci, haɗin gwiwar Tarayyar Turai da Sin wanda ya haɗa SINTEF ta Norwe da TotalEnergies da IFPEN na Faransa da jami'ar Tsinghua da kamfanin Dongfang, suka gina inji a birnin Deyang na lardin Sichuan wanda aka tsara a kan megawat 3, kuma a 2024 ya yi aiki da zafin kansa. Duk wani adadi da aka samu ba tare da hita ba ya fi min daraja a kan wanda ya fi shi kyau amma an samo shi a cikin tanda.

Ta fuskar kuɗi, Lyngfelt da Bo Leckner sun zana tukunya mai megawat 1000 na zafi a 2015 suka ƙiyasta ƙarin kuɗin kama tan ɗaya na CO2 a wajen Yuro 20, wanda yayi ƙasa sosai da na amin, kuma manyan abubuwan da ke cin kuɗin sune matse CO2, da oksijin ɗin ƙarasa ƙonewa, da sayen ɗan dako. Asarar lantarki kuma 'yar kaɗan ce, mafi yawanta a matsewar take, wadda kowace hanya ka bi sai ka yi ta. Ƙiyasi ne dai a takarda, ba a gina ba. Kuma CO2 ɗin da ta fito bata gama tsabta ba, salfa da sinadaran naitirojin na cikin kwal da wani kaso na makuri wato zaiba duk ta nan suke biyowa, sai an wanke kafin a zuba a bututu in ba haka ba su haɗu da danshi su cinye ƙarfen. Bayan nan ga neman inda za a binne ta a zurfin da ya haura mita 800, irin yadda Norwe ke yi tun 1996 a Sleipner, wurin haƙar gas ɗinta da ke cikin teku, wannan ba aikin CLC bane amma in babu shi duk wahalar ta tashi a banza.

Ni abinda na fahimta shine lokacin neman wani sabon sinadari mai ban mamaki a ɗan kwalbar gwaji ya kusa wucewa, an samu waɗanda zasu iya aikin, ilmenait da manganis da tama sun isa a fara. Abinda ya rage girma ne. Megawat 3 fa ba komai bane, ko tashar kwal ta SONICHAR da ke kusa da Tchirozérine a jihar Agadez ta Jamhuriyar Nijar, wadda lantarkinta bai kai megawat 40 ba, ta ninka injin Deyang sau da yawa wajen kwal ɗin da take ci, balle manyan tashoshin Sin da Indiya. Turai inda aka fi yin binciken tana rufe tashoshin kwal ɗinta, shi yasa da yawa daga masu binciken can suka karkata ga ƙona itace da sharar gona, tunda in ka kama CO2 ɗin da tsiro ya zuƙa daga sama ka binne ta to ka rage wadda ke sararin samaniya ne ma. Kwal kuwa har yanzu shi ke bada wajen kashi ɗaya cikin uku na lantarkin duniya, kuma Sin kaɗai na ƙona fiye da rabinsa, don haka in za a gina babban injin CLC na kwal can ne ya fi kama da wurin.

Kuma girman ba duka zai zo da sauƙi ba. Tsawo zai taimaka wajen ƙurar gawayi, asarar zafi ta bango zata ragu, wannan duk riba ce. Amma faɗi zai tsananta kafa ta uku, domin a ƙaramin inji mai faɗin taƙi ɗaya ko biyu gas ɗin kwal dole ya gauraya da gari ko yana so ko baya so, a tukunya mai faɗin mita 10 kuwa zai fita a bakin zubawa ya tsaya a gefe ɗaya ya cinye oksijin ɗin wurin ya haura, can ɗaya gefen kuma ga gari cike da oksijin babu abin ƙonawa. Mutanen Chalmers sun kawo shawarar a kifa wani dogon akwati marar gindi a ƙasan tukunyar, kwal ya fesar da gas ɗinsa a ciki, gas ɗin ya bi tsawon akwatin yana fita ta ƙananan ƙofofi a jere don ya rarrabu ko'ina, kuma sun gwada shi a samfuri mai sanyi ya rarraba gas ɗin da kyau. Saura a gan shi a zafin digiri 950 da kwal na gaske da toka na toshe ƙofofin, na tsawon watanni, ana auna kilo nawa na ilmenait ke bin toka a kowane tan na kwal da aka ƙona.